Wata huɗu ina tattara sunana kafin in iya ƙirga masu ambaton aikina

Ranar da takardar ta iso sashenmu, ina ɗakin gwaje-gwaje ina duba ƙwayoyin cutar da muka shuka tun jiya. Masinja ya leƙo ya ce shugaban sashe na kirana. Da na shiga sai ya miƙo mini shafi biyu, ya ce, "Dakta, bana layi ya zo kanka. Karanta wanga da kyau, an ƙara abubuwan da babu su lokacin da munka yi namu." Shekara 6 ke nan ina kan matsayin babban malami, fannina kuwa ƙwayoyin cuta ne, musamman sanƙarau da cututtukan da suka daina jin magani. Abin da na sani game da neman matsayin mataimakin farfesa shi ne ka jera maƙalunka, ka ɗinke su, a aika wa masu tantancewa na waje. Wannan karon an ce a haɗa da lambar ORCID, da shafin Google Scholar da na Scopus, da jimillar ambaton da wasu masana suka yi wa aikinka, da ma'aunin h, sannan shafi guda da zai nuna waɗanda ka yi aiki da su a gida da waje. Na ɗauka aikin mako guda ne. Sai da ya ci mini wata huɗu, kuma rabin wahalar da na sha, da na samu wanda ya faɗa mini abin da zan rubuta a nan, da ban sha ta ba.

A daren na fara, a gida Mabera, bayan isha'i. An ɗauke wuta, na jona kwamfuta da datar waya na buɗe Google Scholar, rumbun Google da ke tattara maƙalun masana yana ƙirga ambatonsu. Ina da shafi a can wanda wani ɗalibina ya buɗe mini shekarun baya, ban sake waiwayarsa ba. Na ga maƙala 61, ma'aunin h kuma 19. Na ji daɗi ƙwarai, har na kira uwargida na nuna mata. Da safe na kai wa wata abokiyar aiki da ba ta daɗe da dawowa daga karatun digiri na uku a Malesiya ba, don na san ta fi ni sanin waɗannan abubuwa. Ta yi ta sauka ƙasa cikin jerin a hankali, can ta tsaya ta ce, "Malam, wannan ta noman albasa taka ce? Wannan ta lissafin kuɗin banki fa?" Ba nawa ba ne. Ashe lokacin buɗe shafin an zaɓi a bar na'ura ta riƙa ƙara maƙalu da kanta ba tare da ta tambaye ni ba, ni kuma sunana Muhammad, sunan mahaifina ma yana cikin sunayen da suka fi yawa a Arewa. Duk wanda ya yi rubutu da harafin M da wannan suna, tun daga Sakkwato har Pakistan, yana iya faɗowa cikin shafina. Ta ce in gode wa Allah da ita ta gani, domin da mai tantancewa ne ya gani, ba zai ce kuskure ba ne, cewa zai yi na ɗauki aikin wasu. Gabana ya faɗi da jin haka. Dare biyu na yi ina gogewa ɗaya bayan ɗaya, ina haɗa waɗanda suka fito sau biyu, na kuma sauya zaɓin ya koma sai an aiko mini da imel na amince. Da na gama, abin da ya rage maƙala 38, ambato 612, ma'aunin h 11.

Bari in tsaya a kan wannan ma'auni, domin na tarar da yawanmu muna faɗarsa ba mu san yadda ake fitar da shi ba. Wani masanin kimiyyar fiziya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, shi ya kawo shi a 2005. Ka jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa wadda ba a ambata ba, sai ka riƙa ƙirgawa kana sauka. Inda lambar layi ta zo daidai da yawan ambato, ko ta kusa wuce shi, nan ne ma'auninka. Wanda ke da h 11 yana da maƙala 11 da kowacce aka ambata aƙalla sau 11. Ko da ta farkon an ambace ta sau dubu, ɗaya dai za a ƙirga ta. Akwai kuma wani da Google Scholar ke nunawa a gefe, i10, wato yawan maƙalun da suka samu ambato 10 ko fiye. Shi ma'aunin h ba ya raguwa da tsufa, kullum sai dai ya tsaya ko ya hau, shi ya sa bai dace a gwada ƙaramin malami da dattijon da ya shekara 30 yana rubutu ba.

Mataki na biyu laburare. Scopus shi ma rumbun maƙalu da ambato ne, amma ba kamar Google Scholar ba ne, na kamfanin Elsevier ne, an fara shi a 2004, kuma cikakken amfani da shi sai da rajistar da cibiya ke biya. Ana iya neman sunan marubuci kyauta a ga adadin maƙalunsa da ma'auninsa, amma sauke bayanai da tace su sai an shiga ta ƙofar da aka biya. Zuwana na farko babu wuta, na biyu akwai wuta babu intanet. A na uku na je tun ƙarfe 8 na safe, lokacin azumi ne kuma ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin Sakkwato da kan haura maki 40 tun kafin azahar. Ma'aikacin da ke kula da sashen kwamfutoci dattijo ne mai haƙuri, ya ja mini kujera kusa da shi ya rubuta sunana. Ya jima yana kallon allo, sannan ya juyo ya ce, "Ranka shi daɗe, ku uku na gani nan, kuma duk kamar kai na." Haka ne kuwa. Shafi uku, ɗaya da maƙala 9, ɗaya da 6, ɗaya da 4, kowanne da tasa lambar.

Laifin nawa ne, kuma laifi ne da kusan kowane Basakkwace mai rubutu zai iya faɗawa ciki. Maƙaluna na farko na sa sunan mahaifina a ƙarshe, kamar yadda yake a takardun makaranta. Daga baya na fara ƙara sunan garinmu, yadda muka saba a nan, inda za ka ji ana kiran mutum da Gwadabawa ko Wurno ko Tambuwal ko Yabo. Mujallun waje suka ɗauki sunan garin a matsayin sunan zuri'a, suka mayar da sauran haruffa. A wasu kuma abokan rubutu ne suka aika da maƙala suka rubuta Mohammed maimakon Muhammad, ni ko ban duba ba. Adireshin wurin aiki ma na rubuta shi iri huɗu, wani lokaci sashe, wani lokaci ɗakin gwaje-gwajen asibiti. Na'ura da suna da adireshi da fanni take rarrabe mutane, to ta ga mutum uku. Dattijon ya nuna mini inda ake neman gyara, muka zaɓi shafukan uku muka nemi a haɗe su, muka zaɓi sunan da nake so ya tsaya, muka kuma ƙara maƙalu 2 da suka faɗa shafin wani mai irin sunana. Ba a biyan ko kwabo. Bayan kusan mako uku saƙo ya zo cewa an haɗe: maƙala 21, ambato 340, ma'aunin h 8.

Kafin in bar wurinsa a ranar muka yi maganar ORCID. Lamba ce mai gurbi 16 da ake ba mai bincike kyauta, an fara bayar da ita a 2012, kuma an yi ta ne saboda irin matsalata, don ko sunanka ya sauya sau goma lambar na nan. Da muka je buɗewa sai muka tarar ina da guda biyu. Ɗaya na buɗe da kaina na manta, ɗayar kuma na buɗe cikin gaggawa wata rana da wata mujalla ta ƙi karɓar maƙala sai da lamba. Akwai hanyar soke ɗaya a mayar da ita kan ɗayar, amma sai kana da kalmar sirrin duka biyun, ni kuwa imel ɗin da na yi amfani da shi na tsohuwar na shekara ban buɗe ba. Kwana biyu na yi kafin in dawo da shi.

Abin da ya fi damuna bayan haɗewar shi ne tazarar da ke tsakanin 38 da 21. Ina sauran 17 suka shiga? Na koma laburare da wannan tambaya. Dattijon ya ce Google Scholar kamar babbar kasuwa ce, kowa ya kawo kaya sai ya baje, har kundin digirin ɗalibai da takardun taro duk tana ƙirgawa. Scopus da Web of Science kuwa zaɓen mujallu suke yi, wadda ba ta cikin jerinsu ko an ambace ka a cikinta sau ɗari ba za a gani ba. Shi Web of Science na kamfanin Clarivate ne yanzu, asalinsa kuwa kundin ambaton da Eugene Garfield ya fara fitarwa a 1964. Yawancin maƙaluna 17 ɗin a mujallun gida suke, wasu ana samun su a AJOL, rumbun mujallun Afirka da aka kafa a 1998, wasu ko a intanet babu su. Ba wai duk mujallar gida ce ba a gani ba. Annals of African Medicine daga nan Sakkwato take fitowa, kuma tana cikin PubMed, kundin laburaren likitanci na Amurka. Ni ne dai ban taɓa tambaya ba kafin in aika da aiki, burina kawai a buga.

Cikin waɗanda ba a gani akwai wadda na fi so duk cikin ayyukana. Shekara biyu muka yi da wasu likitocin yara da ma'aikatan jinya muna bin jinin jariran da aka kawo da zazzaɓi, muna shuka shi, muna gwada wane magani ƙwayoyin ke ji da wanda suka daina ji. Babu tallafin kowa, da kuɗin aljihu muka sayi wasu kayan gwajin. Muka buga a wata ƙaramar mujalla ta gida wadda ba ta ba maƙalu lambar DOI, lambar nan da ke sa na'ura ta gane maƙala duk inda aka ambace ta. Ambato 4 take da shi a Google Scholar, a Scopus kuwa babu ita sam. Amma jadawalin da ke shafinta na uku, har yau yana manne a bangon ɗakin jarirai, ya yi ja saboda ƙura, kuma da shi ƙananan likitoci ke zaɓen maganin farko da tsakar dare kafin sakamakon gwaji ya fito. Na tsaya gaban wannan bango wata safiya a cikin waɗannan watanni, raina ya sosu. Ba na cewa lissafin ƙarya ne. Abin da yake ƙirgawa shi ne sau nawa wani mai rubutu ya kafa hujja da kai. Likitan da ya duba bango ya ceci jariri ba ya rubuta maƙala a kan haka.

Akwai kuma guda biyu da na ji kunyarsu. Shekarun baya, ina gaggawar cika adadi don ƙarin girman da ya gabata, na amsa gayyatar imel daga wasu mujallu biyu masu manyan sunaye. Cikin kwana biyar aka ce an karɓa, ba a gyara mini ko waƙafi ba, na biya dala 150 kowacce. Dattijon ya neme su a jerin mujallun Scopus babu, a DOAJ, jerin tantantattun mujallun da ake karantawa kyauta, babu, a kundin laburaren likitanci na Amurka babu. Ma'aunin tasirin da suka liƙa a shafinsu ma, wato adadin da ake auna darajar mujalla da shi, ba daga inda ake fitar da na gaskiya ya fito ba. Mujallun bogi ne. Aikin da ke ciki na gaskiya ne, da guminmu muka yi shi, amma na zuba shi a rijiya. Na je na sami shugaban sashe na faɗa masa da bakina, muka cire su daga waɗanda za a aika. Saura 36.

Sai batun abokan aiki, wanda na ɗauka shi ne mafi sauƙi, jera sunaye kawai. Abokiyar aikin nan tawa ta ce a'a, a zana taswira. Akwai wata manhaja kyauta mai suna VOSviewer da masana biyu na Jami'ar Leiden a ƙasar Holan suka ƙirƙira. Ana sauke bayanan maƙalu daga Scopus a zuba mata, sai ta mayar da kowane marubuci ɗigo, ta ja zare tsakanin duk mutum biyu da suka taɓa rubutu tare, waɗanda suka fi yawan haɗuwa kuma ta ba su launi ɗaya. Sai da muka fara gyara sunaye, don a nan ma mutum ɗaya kan fito sau biyu. Da hoton ya bayyana na yi shiru. A gefe ɗaya ƙaramin gungu ja, mu ne 'yan sashe da ɗalibanmu, kullum mu ya mu. A ɗaya gefen wani ƙaton gungu kore mai cike da sunayen Turai da Amurka da Abuja, ni kuma ina can bakin gaɓa, zare ɗaya ya haɗa ni da su. Duk wannan gungun daga maƙala ɗaya ya fito, mai marubuta sama da 40, sunana na 23. Wannan maƙala ita kaɗai ta kawo ambato 190 cikin 340 ɗina.

Na san abin da na yi a wannan aiki. Duk wanda ke aikin lafiya a nan a 2017 ba zai manta da annobar sanƙarau ta shekarar ba. Tun da aka fara rigakafin nau'in A a Nijeriya a 2011 aka samu sauƙin wancan, sai nau'in C ya ɓullo, aka fara ganinsa a Jihar Sakkwato a 2013, sannan a ƙarshen 2016 ya tashi daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. Sama da mutum 14,000 aka yi zaton sun kamu, sama da 1,000 suka rasu, yawancinsu yara. Mu ne muke karɓar ruwan lakar da aka ɗebo daga bayan yara, mu yi gwajin farko, mu adana cikin sanyi a garin da wuta ba ta tsayawa, mu aika. Makonni ban kwana gida yadda ya kamata ba. Amma ba ni na tsara binciken ba, ba ni na yi nazarin ƙwayoyin halittar ba, ba ni na rubuta ba. An aiko mini da daftari na karanta na amince. To yaya zan rubuta wannan a shafin abokan aiki? In na ce ina da abokan bincike a ƙasashe takwas, takarda za ta gaskata ni, alhali mafi yawansu ko muryarsu ban taɓa ji ba.

Na ɗauki hoton na tafi gidan malamina, farfesan da ya duba digirina na biyu, wanda ya yi ritaya yana zaune a Runjin Sambo. Bayan la'asar na same shi a zaure. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ga abin da ya hana ni barci." Ya sa tabarau ya duba, ya ce in cire babbar maƙalar in sake ƙirgawa. Na ce na yi, ambato ya faɗi zuwa 150, amma ma'aunin h daga 8 ya koma 7 kawai. Ya ce, "To ka gani. Wanga bakwai naka na, ba wanda ya ba ka shi. Ita kuma babbar kada ka ɓoye ta, kada ka hau kanta. Rubuta abin da kay yi, layi biyu, yadda kaf faɗa mini yanzu." Sannan ya sa yatsa kan jan gungun ya tambaye ni wasu sunaye uku, me suka yi a aikin. Ban iya ba shi amsa ba. Sunaye ne da na sa saboda kara, irin "a saka ni" ɗin da muka saba, kai ma a saka ka gobe. Ya tuna mini da ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, sharuɗɗa huɗu: ka ba da gudummawa ta gaske wajen tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ka rubuta ko ka gyara da idon masani, ka amince da kwafin ƙarshe, ka kuma yarda a tuhume ka kan abin da ke ciki. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce shi ma ya yi a zamaninsa, amma yanzu zaren nan yana nuna komai ga mai son dubawa.

Shi ne kuma ya lura da abin da ni ban gani ba. Ya ce, "Ina Nijar a nan?" Babu. Zare ya tafi Landan ya tafi Atlanta, amma ko ɗaya bai tsallaka Illela zuwa Ƙonni ba, balle Yamai, inda cibiyar CERMES ta daɗe tana aiki a kan sanƙarau. Cuta ɗaya, iskar hunturu ɗaya, kasuwa ɗaya, yare ɗaya, amma a takarda kamar ba ma maƙwabtaka. Kano da Zariya ma zare biyu ne kacal. Na fito daga zauren nan da wannan a raina fiye da maganar ƙarin girman.

Sauran lissafin bai ɗau lokaci ba. A Scopus akwai wurin da ake cire ambaton da mutum ya yi wa kansa, na cire na rubuta adadin biyu gefe da gefe. Maƙaluna 14 da ke cikin PubMed na zuba lambobinsu a iCite, manhajar kyauta ta Cibiyoyin Lafiya na Amurka, wadda ke gwada kowace maƙala da takwarorinta na fanni ɗaya, inda 1.0 ke nufin ta yi daidai da matsakaiciyar maƙalar da cibiyoyin suka ɗauki nauyi. Wannan ya fi adalci, domin mai binciken ciwon daji yana da dubban masu ambatonsa, mai binciken cutar noma kuwa, wadda ke cin naman baki da fuskar yara, 'yan tsiraru ne a duniya, ko da yake a nan Sakkwato asibitin yara na wannan cuta yake tun 1999. Ma'aunin tasirin mujalla na rubuta shi ne don fom ya nema. Shi lissafi ne na ambaton da maƙalun mujalla na shekara biyu da suka wuce suka samu a bana, a raba da yawansu, wato mujallar yake aunawa ba maƙalarka ba. Tun 2012 masana suka haɗu a San Faransisko suka fitar da sanarwar DORA cewa a daina auna mutum da shi.

Daga nan sai bugu da ɗinki. Kwafi huɗu aka nema. Na kai wani shago wajen Dandima, maƙala 36 da takardar tarihin aiki da hotunan shafukan, fotokwafi da ɗinki suka tashi naira 68,000, ban da kusan 15,000 da data ta ci cikin watannin. A agwagwa da buje, wato keke mai ƙafa uku, na ɗauko su saboda nauyi. Bayan kwana goma kwamitin sashe ya dawo mini da su kan abu biyu: hotunan shafukan babu kwanan wata, kuma ban ja layi ƙarƙashin sunana a jerin marubuta ba, ban nuna inda nake na farko ko wanda ake tuntuɓa ba. Maganar kwanan wata gaskiya ce, don kafin su zauna ambatona a Google Scholar ya ƙaru da 9, takarda da allo suka saɓa. Na sake buga shafukan farko, aka warware ɗinki aka sake, wasu 9,000 suka tafi. Daga sashe zuwa tsangaya, daga tsangaya zuwa babban kwamiti, sannan aka aika wa masu tantancewa uku da ba a faɗa maka sunansu. Nan ne jira na gaske. Wata goma na yi. Na je ofishin da ke kula da fayilolin sau uku, kullum amsar ita ce saura rahoto ɗaya. A wannan matakin babu abin da mutum zai yi sai addu'a, kuma ban ga amfanin yawan zirga-zirga ba, sai dai ka takura wa ma'aikatan da su ma jira suke. Wasiƙar ta zo ranar wata Alhamis, aka ce an amince.

Ga na baya gare ni, abin da zan ce shi ne tun ran gini ran zane. Ka zaɓi yadda za a rubuta sunanka kafin maƙalarka ta farko, da sunan gari ko babu, ka tsaya a kai har ritaya, adireshi ma haka. 'Yan'uwa mata su yi wannan shawara tun kafin aure ya kawo sabon suna. Ka buɗe ORCID guda ɗaya da imel ɗin da kake dubawa kullum, ka ba abokan rubutu lambar duk lokacin da za a aika da aiki. Shafin Google Scholar ka tabbatar da shi da imel ɗin wurin aiki, ka leƙa shi ko sau ɗaya a wata. Kafin ka aika wa mujalla, ka ba ma'aikacin laburare minti goma ya duba maka ita, ya fi dala 150 arha. Neman gyara a Scopus a fara shi wata biyu kafin ranar rufe karɓar takardu. Duk adadin da za ka rubuta ka faɗi daga wane rumbu ya fito da ranar da ka ɗauko, kada ka haɗa na wannan da na wancan, kada kuma ka ɗauki mafi girma ka yi shiru da sauran. Ni na ƙara shafi ɗaya da ba a nema ba, na ba da labarin maƙalar jarirai da inda jadawalinta yake manne, da wasiƙar shugaban sashen yara da ta tabbatar da haka. Ba wanda ya ce in cire shi.

Maganar Malam ta Nijar kuwa ban bar ta ba. A cikin watannin jiran na nemo maƙalun da suka fito daga Yamai kan sanƙarau, na karanta waɗanda ke cikin Ingilishi, na ga wani mai bincike da tambayoyinsa suka yi kama da nawa. Ba na jin Faransanci, sai na sami wani ɗalibinmu ɗan Tawa ya taya ni rubuta wasiƙa, muka faɗi abin da muke da shi a firiza da abin da ba mu da na'urar yi. Mako biyu shiru. A na uku amsa ta zo, sakin layi na farko da Faransanci, na biyu kuma da Hausa, yana tambayar lafiyar iyali da yadda muka ji da zafi, ya ce shi ma mahaifiyarsa Ba'adara ce. Mun yi magana ta waya sau huɗu zuwa yanzu, muna rubuta takardar neman izinin kwamitin ɗa'a na ɓangarorin biyu, kuma tun kafin a taɓa samfur ko ɗaya mun rubuta wanda zai yi me da inda sunan kowa zai zauna.